Baƙar Akuyar Inna

Labari biyu kuka taso kuna ji game da ni da rasuwar 'yar'uwarku Rahila, kuma duka biyun suna bukatar gyara. A majami'a ana ba da misali da ni, ana cewa Saratu matar Iliya tela ta ga jaraba ido da ido ba ta ko ƙifta ba. A ƙauyenmu kuwa, wajen dangin uwata, cewa suke taurin kaina ya fi mini ran 'yata, na hana ta akuya guda. Kai Babba, ɗan farina da har yau bakina ba ya iya kiran sunanka, na san wanne ka ɗauka, don ina ganin yadda kake kau da kai duk ranar da aka yabe ni. Kana karatu a Maradi a shekarar, rabin abin a bakin mutane ka ji. Ke kuma Lidiya kina goye, abin da aka zuba miki a kunne shi kika sani. Babanku ya tafi da nasa a ciki. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga gwiwa ta ƙi, ga ido ya fara hazo, gara in rubuta da hannuna tun ina iya ganin layi.

Yadda na zama mai bin Almasihu na riga na ba ku a baya, amma ban gaya muku abin da na gudo na bari ba. Ƙauyenmu yana kan hanyar El Allassane Maireyrey, tafiyar rabin yini daga Mayahi a amalanken jaki. Mazan gidanmu sun daɗe da yin salla, amma mata ba su saki Doguwa ba. Doguwa iska ce da gidan ya gada tun kakanni, kuma a kowane zamani tana zaɓen mace guda ta zama godiyarta, wato wadda take hawa in an kaɗa goge. A zamaninmu Inna ce, uwata. Na ga Inna tana faɗuwa ƙasa tana magana da muryar da ba tata ba, na ga ta tashi ba ta san inda zanenta yake ba, washegari kuma ta kasa ɗaga taɓarya. A bayan rumbunmu akwai turke, a jikinsa kullum akwai baƙar akuya wadda babu ɗigon fari ko ɗaya a jikinta. Wannan ita ce akuyar Doguwa. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta don baƙo, ba a ko daka mata tsawa. In ta mutu sai an nemo wata irinta kafin kwana bakwai. A shekarar yunwa mun sha kwana da ciki wayam akuyar nan tana tauna harawa a gabanmu, kuma tun daga lokacin na tsane ta. Da na yi baftisma, abin da ya fi mini daɗi shi ne na daina tsoro. Na yi barci ba laya a ƙarƙashin kai, na wuce gindin tsamiya da tsakar rana ban yi gaisuwa ba.

Inna ta rasu bayan kaka, an gama ɗaure hatsi. Da aka zo rabon kayanta, tukwane da tasoshi kowa ya miƙa hannu, amma abu uku aka bari gefe ba wanda ya taɓa: baƙin zanen da take ɗaurawa in za a yi wasa, da 'yar ƙwaryar da take zuba wa Doguwa nono, da akuyar. Ƙanwar Inna, wadda muke kira Iya Tasalla, ita ta turo su gabana. Mace ce 'yar ƙarama mai sanyin magana, ita ta yi renona ina yarinya.

"Saratu, ke ta babba," ta ce. "Kayan ga naki na, ko kin so ko kin ƙi."

"Iya, na hita wannan hanyar shekara ashirin. Ku kai zanen murhu, ƙwaryar kuma ku ba kaji su sha ruwa."

"Ki iya bakinki, ɗiyata. Gidan ga da kunnuwa."

"To akuyar dai ina so. Ita za ni ɗauka."

Iya Tasalla ta yi murna, ta zaci zuciyata ce ta fara laushi. Ni kuwa abin da ke raina daban ne, Kirsimeti ya kusa, kuma akuyar ta yi kitse. Babanku da ya ga na shigo da ita ya ajiye almakashi ya ce in mayar musu da abarsu, ko in kai ta kasuwa in rabu da ita shiru. Ya ce gaskiya ne ba mu tsoron iska, amma babu inda aka ce mu taka zuciyar tsofaffi. Kun san babanku, in kaza ta shiga shagonsa sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta. Na ce masa nama nama ne, kuma so nake kowa ya gani da idonsa cewa babu abin da zai faru. A ranar Kirsimeti maƙwabcinmu Malam Isa ya yanka mana ita, kamar yadda yake yi kowace shekara don unguwa duka ta iya ci, bai kuwa san tarihinta ba. Na soya, na raba gida gida. Zan gaya muku gaskiya, abin da na kira bangaskiya a ranar, fiye da rabinsa girman kai ne da tsohon haushin harawa.

Bayan kwana biyu kasuwar Mayahi ta ci, Iya Tasalla ta biyo ta gidanmu ta huta. Na ɗebo soyayyen nama na ajiye mata a gaba ina murmushi. Ta kai tsoka ɗaya kusa da baki, sai idonta ya faɗa kan baƙar fatar da aka shanya a kan danga. Tsokar ta suɓuce daga hannunta ta faɗa kan tabarma. Rahila tana zaune kusa da ita tana tsefe kai. Shekarunta goma sha biyar, doguwa siririya, bakinta irin nawa, tana ajin ƙarshe na kwaleji. Ta ɗauki tsokar ta hure ta jefa a baki tana dariya.

"Iya, in ba ki ci ni ina ci. Doguwa ta iya kiwo, wallahi."

Na yi dariya, har na buga cinya. Iya Tasalla ta miƙe ta ɗauki ƙwaryarta.

"Saratu, mi kinka yi? Ba uwa takan kama ba, ke kin sani. Ɗiya takan kama."

Da bazara ta kama, Rahila ta fara cewa bayanta yana ciwo. Muka ce zaman benci ne na lakwal, wato makaranta. Sai ta fara tuntuɓe a fili, ta faɗi da bokitin ruwa har sau biyu a mako guda. Wata safiya ta kira ni daga ɗaki ta ce ƙafafunta sun yi nauyi, ba su jin maganarta. Muka kai ta likita a nan Mayahi, aka yi mata allurai, muka wuce Maradi aka ɗauki hoton baya. Likitan ya nuna mana wani wuri a ƙashin bayanta ya ce ciwo ya ci shi, ya ba mu magunguna na watanni, ya ce mu yi haƙuri mu ga abin da Allah zai yi. Sun yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da abin cewa a kansu. Muka dawo da ita gida a kwance. 'Yan ajinsu suka rubuta jarrabawa ba ita. Ruwan fari ya sauka, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, Rahila tana ƙara ramewa, gyambon kwanciya ya buɗe mata a ƙugu. Matan zumunta suna zuwa kowace Laraba su yi waƙa da addu'a. Na yi azumi har sai da nonon da nake ba Lidiya ya ƙafe. Kuma a duk unguwa babu wanda bai san da labarin akuya ba, don ni da bakina na yi ta baza shi a lokacin da nake taƙama. In na wuce rijiya sai hira ta mutu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, ruwan ya doki 'yata.

Karatuna na manya ne, a zumuntar mata na koya, ina bin layi da yatsa. Kafin ciwon Rahila ce ke karanta mini Littafi Mai Tsarki bayan ta dawo daga lakwal, tana canza murya, ta yi ta sarki, ta yi ta annabi, har babanku ya tsayar da keken ɗinki ya saurara. Da ta kwanta sai muka yi musanya, ni ke karantawa tana gyara mini. Daga baya ta daina gyarawa. Daga baya kuma in na buɗe sai ta ce kanta yana ciwo.

A tsakiyar damina Iya Tasalla ta zo da 'yar jakarta ta ce ta zo jinya. Na shirya jin gori, ba ta yi ba. Ta karɓi wankin tsummoki, ta iya juya Rahila ba tare da ta yi ƙara ba, abin da ni na kasa. Sai da ta yi mako guda sannan ta same ni a madafa ina dama kunu.

"Ba ni ce maki ki bar addininki," ta ce. "Ki tahi cocinku, ki yi waƙarku. Abu guda na. Ki samo baƙa wadda ba ta da tambari, ki kai ta turken uwarki, ki ɗaure da hannunki, tunda hannunki ya kwance. Shi ke nan."

"Iya, ciwon ƙashi na. Na ga hoton da idona."

"Na ji. Wa ya sa shi cikin ƙashin?"

Na ce mata ta bar maganar. Ta bari, amma maganar ba ta bar ni ba. Ina daka tana cikin turmin, ina addu'a tana tsakanin kalma da kalma. Hajiya matar Malam Isa ta ji ƙishin-ƙishin, ta kawo fura ta ce kada in kuskura, su ma addininsu ya hana, babu mai warkarwa sai Allah. Na gode mata. Amma ita 'ya'yanta duka suna tafiya da ƙafafunsu.

Wanda ban taɓa zaton zai karye ba shi ne babanku. Dattijon ikilisiya ne, shi ke riƙe mabuɗin majami'a. Wata ranar da hantsi na kai masa ruwa shago, na tarar keke a tsaye, riga a ƙarƙashin allura, shi kuma ya haɗa kai da gwiwa.

"Uwar Babba, zamna," ya ce. "Na yi ta tunani. Kin tuna jarumin nan da anka warkar da kuturtatai, da ya roƙi annabi gafara don in ya koma gida dole ya rusuna a ɗakin gunkin ubangidanai? Ba a tsine mai ba. An sallame shi lahiya. Allah na duban zuciya. Akuya ta kawai, Saratu."

"Malam, kai ka hi ni karatu. Amma ko a jeji, da aya Shaiɗan ya zo ma Ubangiji."

"Ni na Shaiɗan ɗin?"

"Ban ce ba."

"Ke kinka jawo muna wanga abu," ya ce. "Na ce ki maida masu abarsu."

Shekara ashirin da aure bai taɓa ɗora mini laifi ba sai ranar. Kuma gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Na fita na bar masa kofin ruwan a kan keke. Mun yi kwana uku ba mai ce wa wani komai sai abin da ya zama dole.

Duk wannan da na iya ɗauka. Abin da ya kayar da ni Rahila ce. Ina goge mata baya da ruwan ɗumi, fuskarta tana kan cinyata, sai ta yi magana a hankali.

"Mama, na ji abin da Iya ta ce."

"Kar ki sa shi a rai."

"Mama, ni na ci naman. Ni na yi dariya. In akuya ta, ki saya mani. In ƙarya ce ba mu rasa komi ba, in gaskiya ce in tashi. Ina son in yi tahiya, Mama, ko zuwa bakin ƙofa. Na gaji."

Ban ba ta amsa da aya ba. Ba ni da aya a bakina a lokacin. Na ce mata to.

Wannan shi ne abin da majami'a ba ta sani ba, ku kuma ku sani yau. Ranar kasuwa na kwance jar akuyata mai ciki, wadda nake ji da ita, na ja ta zuwa kara, inda ake sayar da dabbobi. Na lulluɓe fuska kada wata 'yar zumunta ta gane ni. Na bi layi ina ɗaga ƙafafun awaki, ina duba ciki da bayan kunne, kamar yadda na ga Inna tana yi. Na sami baƙa wuluk a hannun wani Bafillace, ƙarama ce ba ta kai rabin tawa ba. Na ce musanya. Ya dube ni ya dubi jar akuya, ya karɓi igiya da sauri kada in sake shawara. Dillalin da ke gefe ya yi murmushi ya ce, "Allah shi ba mai jiki lahiya, Inna." Kowa a kara ya san abin da mace take nema in tana duba bayan kunnen baƙar akuya. Kunya ta rufe ni, amma ban saki igiyar ba. Iya Tasalla tana jirana a bakin kasuwa, muka hau amalanken 'yan ƙauyenmu da ke komawa da wuri. Muka tsallake gulbi, jaki yana nitsewa cikin rairayi, akuyar tana kwance a kan ƙafafuna, ina jin ɗuminta. A hanya na yi ƙoƙarin yin addu'a na kasa, don ban san da wace fuska zan fara ba.

Mun isa da la'asar. Lokacin maimai ne, kowa yana gona, gidan Inna ba kowa. Ɗakinta ya fara rushewa, ciyawa ta fito a tsakar gida, amma turken yana nan bayan rumbu, ya yi sulɓi saboda gugar igiya. Na durƙusa na zagaya igiyar sau ɗaya. Iya Tasalla ta dafa kafaɗata.

"Tsaya. Ba a ɗaurewa da baki rufe. Ki ce, ga taki, ki sakam mani tawa."

"Ba ki gaya mani da magana ba."

"Kalma nawa ta? Sannan ki ce, in ta tashi, taki ta."

"Wa?"

"Rahila. Kayan na jiran mai su, Saratu. Ke kin ƙi. Turke ba ya zama ba godiya. In ta tashi a yi mata girka, ta ɗauki zanen kakarta. Za ta yi aure, za ta haihu, uwarki ba ta rayu ba?"

Girka ita ce hidimar da ake yi wa mace a shigar da ita bori. Na san ta, na ga an yi wa Inna sabuntawa ina yarinya. Na tsaya a durƙushe da igiya a hannu, ina ganin Rahila a tsaye da ƙafafunta biyu, tana tafiya rijiya, tana goye da ɗa. Ina kuma ganinta a ƙasa tana birgima, ana rufa mata zane, tana magana da muryar nan. Ku yarda da ni, ta farkon ta fi ƙarfi. Na buɗe baki. Na ce "ga", na ji kalmar ta fita.

Abin da ya tsayar da ni labarin samarin nan uku ne da sarki ya ce su rusuna wa gunkinsa ko a jefa su wuta. Rahila ta fi son shi, ta karanta mini shi ya fi sau goma, kullum tana kumbura wuya in ta zo maganar sarki. Da can abin da nake so a labarin shi ne ƙarshensa, yadda suka fito ko warin hayaƙi babu. A gaban turken ƙarshen bai zo mini ba. Amsarsu ce ta zo, inda suka ce wa sarki Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba, ba za su rusuna ba. Shekaru ina jin wurin nan ina wucewa kamar ba da ni ake ba. A ranar na gane cewa sun faɗe ta ne ba su san ƙarshen labarinsu ba. Na kuma gane abin da zan faɗa in na ƙarasa kalmomin Iya: cewa ran 'yata yana hannun Doguwa, cewa wanda na ba wa ita ranar da aka sa mata albarka a majami'a ba ya iya riƙe ta. Kada ku zaci wani haske ya sauko ko zuciyata ta yi sanyi. Ban ji komai ba sai ɗaci. Ban ma ce da Allah na dogara gare ka ba. Abin da na ce a raina shi ne, taka ce, in za ka kashe ta ka kashe ta a hannunka. Na warware zagayen igiyar na sake ta ƙasa.

Iya Tasalla ta ɗauki igiyar. Ba ta zage ni ba. Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gefen zane tana kuka, tana cewa, "Wayyo ɗiyata, wayyo Rahila." Har Iya Tasalla ta mutu ba ta gaya wa kowa na je turken ba, shi ya sa a ƙauye suke cewa ko ƙofar gidan Inna ban taka ba. Muka kwana a gidan ƙanena, da sassafe muka kamo hanya mu biyu, akuyar kuwa Iya ta bar ta a garkensa.

Na shiga gida da tsakar rana. Babanku yana bakin shago, ya dubi fuskata, ya fahimta, ya koma ciki. Rahila tana kwance inda aka fito da ita inuwar darbejiya. An yi mata wanka, ta sa an ɗaura mata kallabinta na zuwa majami'a, idonta yana haske irin wanda na manta da shi.

"Mama, kin ɗaure?"

Na durƙusa kusa da ita. Na yi niyyar yi mata ƙarya, har na shirya ta a hanya. Amma ta dubi Iya Tasalla da ke bayana, ta ga idanunta.

"Ban ɗaure ba," na ce. "Rahila, sun ce sai na ba da ke. Ban iya ba. Ki saurare ni in gaya maki."

"Kin ce to."

"Na ce."

"Kin ce mani to, Mama."

Ta sa hannu ta dafa tabarma, da ƙyar ta juya kanta da kafaɗarta wajen katanga. Na yi ta magana, na ba ta labarin samarin nan nata, na roƙe ta. Ba ta juyo ba.

Kwana goma sha ɗaya ta ƙara. Zazzaɓi ya shiga ta gyambon, muka sake kai ta likita, suka sa mata ruwa, suka ce mu koma gida. A cikin kwanakin nan ta yi magana da babanku, ta yi da Iya Tasalla, ta sa an ɗora mata Lidiya a ƙirji ta yi mata wasa. Ni in na shigo sai ta rufe ido. In na kawo kunu ta datse baki, in Iya ta karɓi ludayin daga hannuna ta sha. Na koma wanke tsummoki a bayan ɗaki, nan ne kawai aikina yake karɓuwa. Na gaya wa Allah maganganun da ba zan rubuta ba. Na buɗe Littafin ina neman inda zai ce mini na yi daidai, haruffa suna ta yawo, ban sami komai ba sai mutane irina da suka yi ta kira ba a amsa ba. A safiyar ƙarshe na kasa daurewa, na zo na zauna a kanta ina shafa goshinta, hawayena suna ɗiga. Ta buɗe ido ta nemi Iya Tasalla.

"Iya, ki ce mata ta matsa. Tana jiƙa mani zane."

Na matsa. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da ta yi a kaina. Kafin azahar ta cika, kanta a kan cinyar babanku.

Bayan makoki fasto ya ce in tsaya a gaban jama'a in ba da shaida yadda na ci nasara a kan jaraba. Na ce masa ya nemi wani. Wace nasara? Na je har turke, na furta kalmar farko. Kuma tambayar da kuke so ku yi mini kuna jin nauyi, na yi wa kaina ita fiye da shekara ashirin: da na ɗaure, da ta tashi? Hankalina yana cewa ciwon ƙashi ne, akuya ba ta gyara ƙashi. Amma ko da ba ta tashi ba, da ta mutu tana riƙe da hannuna, tana ganin uwarta ta yi mata iyakar abin da ta iya. Wannan na hana ta, na hana kaina, kuma babu ranar da ban biya ba. Ban kuma iya rantse muku cewa bangaskiya ce zalla ta riƙe harshena ba, don taurin kan da ya yanka ta farko yana nan a jikina. Allah ne kaɗai ya san yadda aka gauraya su.

Ban bar shi ba, shi ma ban ce ya bar ni ba, ko da yake ya yi shiru. Kowace Lahadi ina zuwa da sandata in zauna a bencin baya. Ina karanta Littafin da yatsa, ba don yana mini daɗi ba, sai don ba ni da wani wurin zuwa. Na ba shi ita a gaban turke, a hannunsa ta tafi, ba a hannun kowa ba, wannan kaɗai nake riƙe da shi. Ana wa'azi cewa a can za a share hawaye, za a ba da rawani da fararen tufafi. Su ba waɗanda suka cancanta. Ni roƙona ƙarami ne, shi nake yi safe da yamma: in na isa, in tarar da ita a tsaye, ta juyo da fuskarta.